Tarihin Rediyon Kaduna da Rabon Talaka a Cikinsa

Wannan shi ne jawabin da Magatakardan reshen Jam'iyya na Kinkinau ya karanta a taron 'yan Jam'iyya da 'yan kasuwa. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

 

Abin da kwamitin reshe ya umurce mu mu yi magana a kai yau shi ne gidan Rediyon Kaduna, yadda aka kafa shi, da yadda shirye-shiryensa suka yi ta sakewa har zuwa yau. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mai sayar da tumatir da tarihin rediyo? To, ruwansa da yawa. Mutumin da bai iya karatu ba, jarida ba ta da amfani gare shi sai ta ƙunshin ƙosai. Amma kunne ba ya bukatar makaranta. Ta rediyo talaka ya ke jin an ƙara haraji, ta nan ya ke jin ranar zaɓe, ta nan ya ke jin an ga wata. Sabo da haka duk wanda ya riƙe gidan rediyo ya riƙe kunnen talaka. Tambayar da za mu bi ke nan daga farko har ƙarshe: a ko wane zamani, wa ke magana, wa ke saurare, wa ke biya?

AKWATIN BANGO

Rediyo ya fara shigowa ƙasar nan da igiya. A cikin 1932 gidan rediyon B.B.C. na Ingila ya soma watsa labari zuwa ƙasashen da Turawan Ingila ke mulka. A 1935 Gwamnati ta kafa wurin kama wannan magana a Ikko, ta riƙa rarraba ta gida gida ta waya, kamar yadda a ke ja wa mutum wutar lantarki. Abin ya iso Kano a 1944, sa'an nan Kaduna da Zariya da Jos suka samu a 'yan shekarun da suka biyo.

Yadda abin ya ke shi ne, a kafa maka akwatin katako a bango, ka riƙa biyan kuɗin haya. Akwatin nan ba shi da wurin neman tasha. Ikonka a kansa bai wuce ka ƙara murya ko ka rage ba. Abin da ofis ya ga dama ya sako, shi za ka ji. Wanda ba shi da halin haya kuwa sai ya tafi inda aka kafa na jama'a, bakin kasuwa ko ƙofar fada ko ɗakin karatu, ya tsaya a rana ya saurara. Mutumin ƙauye ba a maganarsa ma, don waya ba ta kai can ba.

A 1951 aka kafa ma'aikatar watsa labarai ta Nijeriya, wadda a ke kira N.B.S., aka soma watsa magana ta iska. Ran 1 ga Afrilu 1957 ta zama hukuma, aka sake mata suna N.B.C., tana da reshe nan Kaduna mai shirye-shirye da Hausa. A wannan shekara kuma, ran 13 ga Maris, B.B.C. ta buɗe sashen Hausa da shirin minti 15, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya fara magana.

RIGIMAR DA TA HAIFI GIDAJEN JIHOHI

Ku saurari wannan da kyau, 'yan'uwa, domin ya shafe mu. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo batu a Majalisar Wakilai ta Ikko, yana neman a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Aka yi rigima, 'yan jam'iyyar Action Group suka fice. Gwamna Sir John Macpherson ya shiga gidan rediyo ya zarge su a gaban ƙasa duka. Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mai da martani, aka hana shi. Daga nan 'yan siyasa suka gane cewa mai gidan rediyo shi ke da maganar ƙarshe. Da aka yi sabon tsarin mulki a 1954, sai aka yarda ko wace Jiha ta kafa nata gidan.

Jihar Yamma ta riga kowa, ta buɗe talabijin a Badun ran 31 ga Oktoba 1959. Jihar Gabas ta bi a 1960. Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta haɗa gwiwa da kamfanoni biyu na Ingila, E.M.I. da Granada, aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, watau B.C.N.N. Ya fara aiki a watan Maris 1962, rediyo da talabijin a gida ɗaya. Shi ne abin da duniya ta sani da suna Rediyon Kaduna.

Ga abin mamaki. An kafa gidajen nan ne don an hana ɗan hamayya magana. Amma da ko wace Gwamnatin Jiha ta sami nata, sai ta yi wa 'yan hamayyarta abin da Bature ya yi mata. A Arewa jam'iyyar N.P.C. ke mulki, gidan rediyo kuwa na Gwamnatinta ne. Jam'iyyar N.E.P.U. ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta dogara ne ga lacca a fili, da waƙa, da 'yan jaridu, da keke. Haka abin ya ke a Yamma da Gabas, sai dai sunan mai mulki ya bambanta.

YADDA MURYA KE TAFIYA

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san dalilin da ya sa gidan nan ya gagara. Ofishinsa yana cikin gari, a titin da yanzu a ke kira Yakubu Gowon. Amma manyan injunan da ke tura murya an kafa su a Jaji, kan hanyar Zariya. Ta hanya biyu aka riƙa tura ta.

Ta farko ita ce matsakaicin zango, wanda aka fi sani da A.M. Sashen Hausa ya yi suna a kan lamba 594, watau wajen mita 505 a tsofaffin akwatuna. Wannan murya bin ƙasa ta ke yi, tana ratsa daji da tudu. Da dare kuma sararin sama yana mai da ita ƙasa, sai ta ƙara nisa. Shi ya sa tashar da ba ka samu da azahar ba, bayan lisha sai ka ji ta kamar a ɗakinka. Aibinta shi ne ƙara, musamman da damina in hadari ya taso ana walƙiya.

Ta biyu ita ce gajeren zango, mita 49, lamba 6090. Ita wannan sama a ke harba ta, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan gaske. Da ita ne Bahaushen Maraɗi da na Damagaram, da ɗan zongo a Kumasi, da mazauna Kamaru da Cadi suka riƙa jin Kaduna.

Sa'an nan aka yi sa'a. A 1954 aka fara sayar da ƙaramin rediyo mai batir a Amurka, kafin a jima na Japan suka cika kasuwannin duniya da araha. Wannan ɗan akwati ya yi wa talaka abin da doka ba ta yi masa ba. Ba waya, ba haya, ba neman izni. Manomi ya rataya shi a reshen itace, makiyayi ya saɓa shi a kafaɗa, tela ya ajiye shi kusa da keke. Mafi girma duka, yana da abin murɗawa. In Kaduna ta faɗi magana, sai mutum ya murɗa ya ji abin da London ta ce, ya auna da kansa. Jamus ta buɗe nata sashen Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. Tun daga ran nan ba a sake iya rufe kunnen talaka ruf ba.

ZAMANIN KATI DA WASIƘA

Dattawan da ke zaune a nan sun fi mu sanin wannan zamani. Shirye-shiryen gidan a lokacin an gina su bisa abu huɗu: labarai, kiɗa, wasa, da karatu.

Wajen kiɗa, da can sai mai sarauta ko mai dukiya ke jin babban makaɗi a ƙofar gidansa. Rediyo ya ɗauko Alhaji Mamman Shata da Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos ya kai su bukkar da ba za su taɓa takawa ba. Ma'aikatan gidan suka ɗauki waƙoƙi da hirarraki masu yawa a faifai. Wannan taska ce ta al'umma duka.

Wajen wasa, akwai Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, wanda har aka mai da shi littafi. Akwai Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya sa farar hula suka yi dariyar bariki suka kuma san halin da soja ke ciki. Ya rasu a 2023. Akwai kuma shirye-shirye irin su Jakar Magori da Barka da Yau.

Wajen karatu, tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello ta gidan nan ya bazu, daga baya aka riƙa sa na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi. Mutum yana iya bin wannan ko wancan, amma kowa ya san da azumi Arewa duka kunnenta yana Kaduna.

To, ina bakin talaka a cikin wannan duka? Yana cikin Zaɓi Sonka. Mutum ya sami kati, ya rubuta sunansa da na garinsu, ya jera waɗanda ya ke gaisarwa, ya aika. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi ɗan makaranta. Ran da aka karanta sunansa, unguwa duka ta sani. Har ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka aka kakkafa, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zama aminai, suna halartar suna da bikin juna. Kada ku raina wannan. Mutumin da ba a taɓa kiran sunansa a ofis ba sai ran biyan haraji, ga shi an kira shi ƙasa duka ta ji. Amma mu lura, gaisuwa aka ba shi fili ya yi. Kukansa bai sami kati ba.

RANAKUN WUYA

Ran 15 ga Janairu 1966, bayan an kashe Firimiya, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu gidan rediyon nan ya nufa, ya yi shelar dokar soja a lardunan Arewa. Mai juyin mulki ya san inda kunnen jama'a ya ke. Daga 1967 zuwa 1970, lokacin yaƙin basasa, aka yi yaƙin baki tsakanin gidajen rediyon Tarayya da na Biyafara, iyaye kuwa suna manne da akwati suna jiran labarin 'ya'yansu.

Bayan yaƙi gidan ya yi aikin da 'yan kasuwa ba za su manta ba. A watan Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama. Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Ku tuna yawancin masu saye da sayarwa ba su karanta takardar Gwamnati. Da ba a yi ta maimaita lissafin nan da Hausa a rediyo ba, da 'yan damfara sun yi wa tsofaffi ƙarƙaf a kasuwannin ƙauye.

GIDAN YA KOMA HANNUN TARAYYA

A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, gidan rediyo ya zama kayan gado na jihohin. Sa'an nan Gwamnatin soja ta karɓe talabijin duka, ta kafa hukumar N.T.A. a 1977. A 1978 aka haɗa N.B.C. da B.C.N.N. aka yi hukumar Rediyon Tarayya, F.R.C.N. Kaduna ta zama ɗaya daga manyan tashoshinta, tare da Ikko da Badun da Inugu, aka ɗora mata Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci. Tsohon reshen N.B.C. na Kaduna kuwa aka miƙa wa Gwamnatin Jiha, shi ne asalin gidan K.S.M.C.

Da siyasa ta dawo a 1979 da jam'iyyu biyar, sai wani sabon salo ya fito, watau a zaunar da babban mutum a yi masa tambaya. Ma'aikata irin su Halilu Ahmed Getso sun yi suna wajen tambayar da ba ta jin tsoro. Shirin Hannu da Yawa ya zama inda a ke jin gwamnoni da ministoci suna amsawa da bakinsu. Wannan ci gaba ne. Amma har wa yau ma'aikaci ne ke tambaya a madadinmu, albashinsa kuwa daga Gwamnati ya ke fitowa.

ZAMANIN F.M. DA WAYAR HANNU

A 1992 Gwamnatin Janar Babangida ta yi doka mai lamba 38, ta yarda mutum ya kafa gidan rediyo na kansa. Raypower ta fara a Ikko a 1994. Freedom ta buɗe a Kano a 2003. Nan Kaduna muka ga Liberty da Alheri da Freedom da wasunsu. Gidan Tarayya shi ma ya buɗe Supreme da Karama a kan F.M. Nagarta ce ta zaɓi matsakaicin zango, lamba 747. A 2001 kuma wayar hannu ta shigo.

Abin da muka samu a wannan zamani ba kaɗan ba ne, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Murya ta fita tangaran, ba ƙara. Mace tana tuyar ƙosai a Kinkinau ta buga waya ta ce famfon unguwarsu ya ƙafe, gari duka ya ji nan take. Kati ya ba mu gaisuwa, waya ta ba mu kuka.

Amma akwai hasara iri biyu. Ta farko ita ce nisa. Muryar F.M. tafiya ta ke yi miƙe kamar hasken fitila, in ta yi 'yan mil ko ta gamu da tudu sai ta mutu. Injin A.M. kuwa yana shan wuta da man dizal da yawa, kayan gyaransa daga waje a ke sayowa. Sabo da haka masu gidajen rediyo suka fi son F.M., mai araha, mai kawo talla daga birni. Wayoyin da ke aljihunmu ma, masu rediyo a ciki, F.M. kaɗai su ke kamawa. Injunan Jaji suka tsufa, sau da yawa masu saurare na nesa suka murɗa inda suka saba suka tarar shiru. Birni ya sami baki ashirin, ƙauye yana neman rasa ɗayan da ya ke da shi.

Ta biyu ita ce kuɗi. Yanzu fili sayarwa a ke yi, minti kaza naira kaza. Mai maganin da ya ce yana warkar da cuta arba'in ya saya. Ɗan siyasa mai jaka ya saya, ya zuba sojojin baka su yi ta yabonsa suna zagin abokin hamayyarsa. Da can Gwamna ke hana ka magana da iko. Yanzu ba wanda ya hana ka, sai dai a miƙo maka takardar farashi. Dokar zaɓe ta 2010 da ta 2022 duka sun ce kada a yi amfani da gidan watsa labarai na Gwamnati don fifita wata jam'iyya, a kuma raba fili daidai lokacin yaƙin neman zaɓe. Magana mai kyau a takarda. Amma in an ce kowa ya biya daidai, mai buhu da mai mudu ba su zama ɗaya ba.

Wani zai ce, ai yanzu zamanin intanet ne, a bar tsohon inji ya mutu. Muna tuna masa 2021. A watan Satumba na shekarar an rufe layukan waya a Zamfara, sa'an nan a wasu sassan Jihar Kaduna, sabo da yaƙi da 'yan bindiga. Makonni mutane ba kira, ba saƙo. Abin da ya rage musu shi ne akwati mai batir. Muna kuma tuna masa watan Maris 2025, sa'ad da sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru sabo da umurnin Gwamnatin ƙasarsu. Wanda ya dogara da rijiyar maƙwabci, ran da aka rufe ƙofa zai kwana da ƙishirwa.

'Yan kasuwa, ku ne kuka fi kowa sanin wannan. Masara da tumatir da itacen da ku ke sayarwa a Kasuwar Barci da babbar kasuwa daga ina su ke zuwa? Daga wajen mutanen nan ne da F.M. ba ta kai musu. In manomin Birnin Gwari ko na Giwa bai ji farashi ba, bai ji labarin hanya ba, bai ji yaushe ruwa zai sauka ba, hasararsa a rumfarku za ta ƙare.

ABIN DA MU KE NEMA

Na ɗaya, a kula da injunan matsakaici da gajeren zango, a sa kuɗinsu a kasafi a fili inda kowa zai gani. Duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a a unguwar nan, ku tambaye shi wannan.

Na biyu, gidajen rediyon Gwamnati, na Tarayya da na Jiha, da kuɗin jama'a a ke riƙe su. A ware fili kyauta ko wane mako inda ko wace jam'iyya mai rajista za ta yi magana daidai da 'yar'uwarta. Wanda aka zarga kuma a ba shi dama ya amsa. Muna neman wannan yau muna hamayya, kuma ku riƙe mu da shi ran da Allah ya ba mu mulki, don kada mu maimaita abin da aka yi bayan 1954.

Na uku, duk shirin da aka saya a faɗi wanda ya biya, da farko da ƙarshe.

Na huɗu, a kwafe tsofaffin faifan gidan a na'urorin zamani tun ba su lalace ba. Muryar da ta goge ba ta dawowa.

Namu aikin kuma shi ne wannan. Kada mu tsaya a tasha ɗaya, mu murɗa mu auna. In mun buga waya, mu faɗi sunan unguwa da abin da ya faru da ranar da ya faru, ba zagi, don mai zagi shi ke ba su hujjar kashe layi. Shugabannin kasuwa kuma su duba ko za a haɗa kuɗi a sayi fili na minti goma a mako a tasha mai nisan zango, a riƙa karanta farashin hatsi da kayan gwari da gaskiya. Kwamitin reshe a shirye ya ke ya rubuta takardar, in kun amince. Za mu karɓi ra'ayinku bayan an tashi.

Shugaban taro, iyakar abin da ke bakinmu ke nan. Allah ya ji ƙan magabatanmu da suka yi wa gidan nan aiki, ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a kasuwa.